Idan Uba Ya Yi Laifi: Inda Falsafar Girka Da Ta Sin Suka Raba Hanya

Akwai labarai biyu da suka zo mana daga al'ummomi biyu da ba su san juna ba. Duk mai son fahimtar bambancin falsafar Girkawan dā da ta Sinawa, gara ya fara da su kafin ya kutsa cikin tulin sunaye da shekaru.

Na farko a birnin Atina ne, a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma masanin falsafa Aflaɗun (Plato) ne ya rubuta shi. Malaminsa Suƙuraɗu, wanda 'yan boko suka fi sani da Socrates, ya je amsa ƙarar da aka kai shi, sai ya gamu da wani mutum mai suna Yutifiro a bakin ƙofar alƙali. Shi Yutifiro ƙara ya kawo, kuma mahaifinsa yake ƙara. Wani ɗan ƙodago da ke yi musu aikin gona a tsibirin Naksos ya sha ya bugu, ya kashe wani bawan gidan. Uban ya sa aka ɗaure shi hannu da ƙafa aka jefa a rami, ya tura ɗan aike Atina a tambayo masanin addini yadda za a yi da shi. Kafin ɗan aike ya dawo, yunwa da sanyi sun gama da ɗaurarren. Dangi suka yi caa a kan Yutifiro, suna cewa ɗa ba ya kai ubansa ƙara. Shi kuwa ya kafe cewa rai rai ne, kuma wanda ya kashe, na gida ne ko bare, hukunci ɗaya ne.

Na biyu a ƙasar Sin ne, kusan ƙarni guda kafin wancan. Wani hakimi mai mulkin yankin She ya yi wa malamin falsafa Konfushiyas alfahari cewa a ƙasarsu akwai mutum mai gaskiya ƙwarai, domin da ubansa ya saci tunkiya, shi ya ba da shaida a kansa. Konfushiyas ya amsa cewa masu gaskiyar garinsu ba haka suke ba: uba yana rufa wa ɗa asiri, ɗa yana rufa wa uba, kuma a cikin wannan rufin gaskiyar take.

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne yadda kowane malami ya tunkari zancen. Suƙuraɗu bai ce wa Yutifiro ka yi daidai ko ka yi kuskure ba. Tambayarsa ya yi: tunda ka ce tsoron allolinku ne ya sa ka, faɗa mini mene ne ibada ta gari. Duk ma'anar da mutumin ya kawo, sai Suƙuraɗu ya nuna masa ɓarakar da ke cikinta, har ya kai shi ga tambayar da masu nazarin ɗabi'a ke juyawa har yau: abu yana zama alheri ne don alloli suna son sa, ko suna son sa ne don dama alheri ne? Daga ƙarshe Yutifiro ya ce yana sauri, ya tafi, ba a cimma komai ba. Konfushiyas kuwa hukunci ya yanke a jimla ɗaya, bai kawo hujja ba, bai nemi ma'anar gaskiya ba. Ya nuna yadda mutumin kirki yake yi, ya bar mai sauraro ya tafi ya yi ta tauna maganar.

Wannan bambancin salo yana da tushe a irin zaman da kowannensu ya tarar. Dukansu sun rayu a lokacin rushewa. Konfushiyas, wanda aka haifa a 551 kafin Miladiyya a ƙaramar masarautar Lu, ya ga ikon gidan sarautar Zhou ya zama suna kawai, hakimai suna cinye juna, kuma bayan rasuwarsa a 479 aka shiga zamanin da ake kira na Ƙasashe Masu Yaƙi, wanda bai ƙare ba sai 221. Suƙuraɗu ya ga yaƙin shekara 27 tsakanin Atina da Siparta, daga 431 zuwa 404, ya ga annoba, ya ga garinsu ya sha kashi. Tambayarsu ɗaya ce: idan tsarin da iyaye suka bari ya lalace, da me mutum zai riƙe kansa? Amma masu sauraronsu daban. A Atina dubban 'yan gari ke taruwa a kan tudu su yanke shawarar yaƙi da sulhu ta ɗaga hannu, kuma a kotu babu lauya, kai za ka kare kanka gaban ɗaruruwan mutane, agogon ruwa yana ƙidaya maka lokaci. Wanda bai iya kafa hujja da rusa ta abokin hamayya ba, ya shiga uku. A Sin kuwa malami yawo yake daga fada zuwa fada, yana neman sarki ɗaya da zai saurare shi. Ba a cin nasara a kan sarki da gardama a bainar jama'a. Misali ake kawo masa daga sarakunan dā, a ba shi labari, a bar shi ya ga kansa a ciki. Masana tarihin ilimi irin su Geoffrey Lloyd da Nathan Sivin sun dogara ƙwarai da wannan bambanci wajen bayyana dalilin da ya sa Girkawa suka damu da tabbatar da magana ta hanyar da ba ta karɓar musu, Sinawa kuma suka damu da daidaita zaman jama'a.

Maganar tunkiyar nan takan yi wa mai karatu na yau nauyi, domin da jin ta sai a ce ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. A ganina wannan gaggawa ce. Tunanin Konfushiyas shi ne babu wanda ake haifa da son dukan mutane. A gida ake koyon tausayi, a jikin uwa da uba da wa da ƙane, sannan ya faɗaɗa ya kai ga maƙwabci da baƙo. Hukumar da ta koya wa ɗa ya zama ɗan leƙen asiri a kan ubansa ta samu tunkiya ɗaya, ta kashe makarantar da ake koyon amana a cikinta. Yana da wata magana da ta fi wannan fitowa fili: idan ka jagoranci mutane da doka da horo, za su guje wa horon amma ba za su ji kunya ba; idan ka jagorance su da halin kirki da ladabi, za su ji kunya, su gyara kansu da kansu. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe, inda ake cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane inda malamin ya dosa.

Sai dai kuskure ne babba a ɗauka Sinawa duk bakinsu ɗaya, kamar yadda ake yawan taƙaita zancen a ce Girka ta mutum ɗaya ce, Sin ta jama'a ce. Waɗanda suka fi sukar Konfushiyas da zafi 'yan ƙasarsa ne. Mozi, wanda ya zo jim kaɗan bayansa, ya ce fifita naka a kan na wani shi ne tushen sata da yaƙi, don haka a kula da kowa daidai, uban wani kamar ubanka. Almajiransa ma sun yi rubuce-rubuce a kan ƙa'idojin hujja da ma'anar kalmomi, abin da ake ɗauka sana'ar Girkawa ce kaɗai. Han Fei, jagoran masu ra'ayin doka zalla, wanda ya mutu a 233, ya kawo labarin wani sojan Lu da ya gudu daga fagen fama sau uku saboda yana da tsohon uba da ba mai ciyar da shi, ya ce ɗa mai biyayya ga ubansa kan zama bawa mai cin amanar sarkinsa. Masarautar Qin ta bi wannan ra'ayi har ƙarshe. Tun zamanin waziri Shang Yang aka haɗa gidaje biyar-biyar da goma-goma, kowa yana sa ido a kan kowa, wanda ya ɓoye mai laifi a kashe shi. Da wannan tsari Qin ta haɗe ƙasar Sin a 221, kuma cikin shekara 15 daular ta ruguje.

Haka a ɓangaren Girka. Aflaɗun ya fi kusa da Mozi a wannan batu fiye da yadda yake kusa da ɗalibinsa Arisɗo (Aristotle). A garin da ya zana a littafinsa kan jamhuriya, masu mulki ba su da gida na kansu, ba su da dukiya, yara na kowa ne, ba wanda zai san ɗansa balle ya fifita shi. Arisɗo, wanda ya yi shekara 20 a makarantar Aflaɗun, ya ƙi wannan. Ya ce abin da yake na kowa shi ne abin da ba a kula da shi, kuma soyayyar da aka raba wa mutum dubu za ta tsinke ta zama ruwa-ruwa. Gara a ce kai ɗan baffan wani ne na gaske da a ce kai ɗa ne irin na garin Aflaɗun. Da Konfushiyas ya ji wannan, da ya gyaɗa kai. Su biyun sun kuma haɗu a kan cewa hali ba zanen dutse ba ne, da maimaitawa ake gina shi: mutum yana zama mai adalci ne ta yin adalci, in ji Arisɗo, kamar yadda Xunzi, wani mabiyin Konfushiyas, ya ce ɗabi'ar ɗan Adam a karkace take, tarbiyya da ladubba ke miƙar da ita.

Wanda ya fi burge ni a cikin dukansu a wannan mas'ala shi ne Mengzi, mabiyin Konfushiyas da ya rayu a ƙarni na huɗu kafin Miladiyya. Wani almajirinsa ya yi masa tambaya mai tarko. Sarki Shun, wanda Sinawa ke ɗauka abin koyi wajen biyayya ga iyaye, yana kan gadon mulki, Gao Yao ne alƙalin alƙalai, sai mahaifin sarki ya yi kisan kai. Me za a yi? Mengzi ya ce alƙali zai kama shi, shi ke nan. Almajiri ya ce sarki ba zai hana ba? Ya ce ta yaya zai hana, alhali alƙali aikin da aka ɗora masa yake yi? To me sarkin zai yi? Mengzi ya ce zai yar da mulkin duniya kamar yadda ake yar da tsohon takalmi, ya goyi ubansa a ɓoye, ya gudu da shi bakin teku, su ƙare rayuwarsu a can.

A duba amsar nan da kyau. Ba ta cika ba, domin dangin mamacin ba su samu haƙƙinsu ba, kuma wannan giɓi ne da ba zan rufe ido a kansa ba. Amma ta ja wani layi da nake ganin shi ne abu mafi amfani da wannan tsohuwar muhawara ta bar mana. Shun bai kira alƙali ya ce a sassauta ba. Bai sauya doka ba, bai tsige mai bincike ba, bai sa a ɓatar da takardu ba. Idan zai tsaya wa ubansa, da abin da yake nasa zai biya, wato kujerarsa da jin daɗinsa. Abin da ba zai yi ba shi ne ya riƙe kujerar jama'a kuma ya yi wa gidansu aiki da ita. Mafi yawan abin da muke kira alfarma a yau, a ɗaukar aiki, a gurbin karatu, a rabon kwangila, a ofishin 'yan sanda, akasin wannan ne daidai: zumuncin mutum ɗaya ne ake biya da haƙƙin wanda ba shi da kowa a wurin. Mai yin haka ba zai iya fakewa da Konfushiyas ba, kuma Mengzi ne zai fara tsayar da shi. Shi ne fa ya ce jama'a su ne mafi daraja, sarki shi ne mafi ƙaranci, kuma ya faɗa wa wani sarki ido da ido cewa kashe azzalumin mai mulki ba kashe sarki ba ne.

Suƙuraɗu ya bi ta wata hanyar ya iso kusa da nan. Bayan alƙalai kimanin 500 sun same shi da laifin rashin girmama allolin gari da lalata tarbiyyar matasa, aka yanke masa hukuncin kisa, abokinsa Kirito ya zo kurkuku da shirin fitar da shi, an tanadi kuɗi, an tanadi mafaka. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce dokokin Atina su suka ɗaura auren iyayensa, su suka yi renonsa, don haka haƙƙinsu a kansa ya wuce na uwa da uba, kuma abin da ya rage masa shi ne ko ya gamsar da su da hujja ko ya bi. Ya sha gubar. Konfushiyas ya ɗauki ƙasa a matsayin gida da aka faɗaɗa, Suƙuraɗu kuma ya ɗauki darajar uba ya ɗora wa doka. Amma shi da Shun na labarin Mengzi, kowannensu da jikinsa ya biya.

Wannan gardama ba ta tsaya a littafi ba. A shekarar 66 kafin Miladiyya, sarki Xuan na daular Han ya ba da umarnin kada a hukunta 'ya'yan da suka ɓoye iyayensu, ko matar da ta ɓoye mijinta, kuma wannan ƙa'ida ta zauna a dokokin Sin ƙarnuka masu yawa, ban da laifin cin amanar ƙasa. A zamanin juyin al'adu na Mao da aka fara a 1966, aka juya ta baya: aka riƙa zuga yara su tona asirin iyayensu, aka farfasa wuraren tarihi a Qufu, mahaifar Konfushiyas. Raunin da wannan ya bari a gidaje bai warke da wuri ba. A 2012 aka gyara dokar shari'ar manyan laifuka ta Sin, aka ce ba za a tilasta wa miji ko mata ko iyaye ko 'ya'yan wanda ake tuhuma su bayyana a kotu don ba da shaida ba. Shekara guda bayan haka wata doka ta fara aiki da ke wajabta wa 'ya'ya ziyartar tsofaffin iyayensu. Duk inda aka kai ga rubuta irin wannan a doka, alama ce cewa birni da neman kuɗi sun riga sun ci ƙarfin al'adar.

Mu Musulmi muna da namu ma'auni a kan wannan, kuma ya fi na Konfushiyas tsauri a wurin shaida. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci muminai su tsaya da adalci, su yi shaida saboda Allah ko da a kan kansu ne ko iyaye da dangi na kusa, kuma sanannen hadisin matar Banu Makhzum ya rufe ƙofar ceto a haddi saboda nasaba. Tare da haka, Suratu Luƙman ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Karanta Girkawa da Sinawa ba zai sauya wannan ma'auni ba. Amfaninsa shi ne yana nuna mana dalla-dalla abin da ake asara a kowane gefe idan aka saki ɗaya aka riƙe ɗaya.

Wani abin sha'awa shi ne al'ummomin biyu duk sun gane haɗarin ɗan'uwantaka a mulki, kowacce ta ƙirƙiro maganinta. Atina ta yi amfani da ƙuri'ar sa'a: majalisar mutum 500 da alƙalan kotu da mafi yawan muƙamai, da ƙuri'a ake fitar da su, yawanci na shekara guda, don kada wani gida ya mallake su. Sin ta yi amfani da jarrabawa. Daga zamanin daular Sui, wajen shekarar 605, har zuwa 1905 da aka soke ta, jarrabawa a kan littattafan Konfushiyas ta zama ƙofar shiga aikin gwamnati. A zamanin daular Song har rufe sunan ɗalibi ake yi, a sa magatakarda su kwafe amsarsa, don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. Wato falsafar da ta ce ɗa ya rufa wa uba asiri ita ce ta haifi tsarin da ya hana uba buɗe wa ɗa ƙofar ofis. Dukan magungunan biyu suna nan da ransu: ƙuri'ar tana nan a yadda ake zaɓo masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka da Ingila, jarrabawar kuma tana nan a ta shiga jami'a ta Sin, wadda ɗalibai sama da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, da duk matsin da take jefa yara da iyaye a ciki.

Ba na son a fita da tunanin cewa waɗannan mutane waliyyai ne. 'Yancin Atina na maza 'yan gari ne kawai, ban da mata da bayi da baƙi, kuma Arisɗo ya rubuta cewa akwai waɗanda bayi ne tun daga halitta. Tsarin Konfushiyas ya ɗora mace a ƙarƙashin uba, sannan miji, sannan ɗa, kuma sarakuna da yawa sun ɗauki darasin biyayya suka watsar da darasin nasiha. Amma nasihar tana cikin koyarwar tun asali. Konfushiyas ya ce idan iyaye sun karkace a yi musu gyara cikin ladabi, in ba su ji ba a ci gaba da girmama su ba tare da an janye maganar ba. Xunzi ya ƙara da cewa a bi hanya madaidaiciya ba sarki ba, a bi daidai ba uba ba. A zamanin da saurayi zai buɗe Facebook ya zagi sa'an kakansa ya kira abin faɗar gaskiya, wani kuma ya haɗiye gaskiya ya kira abin ladabi, wannan koyarwa tana da wurin zama. Ita ma tambayar Suƙuraɗu ba cin mutunci ba ce. Yakan fara da cewa shi bai sani ba, kuma yana tsayawa ya ji amsa.

Tunanin Girka ya daɗe da isowa ƙasar Hausa, ko da ba da sunansa ba. A Bagadaza, zamanin halifa Ma'amun da bayansa, masu fassara irin su Hunainu ɗan Is'haƙa suka juyar da littattafan Girka zuwa Larabci. Farabi da Ibn Sina suka gina a kansu, Imam Gazali ya soki masu falsafa a kan mas'alolin aƙida amma ya riƙe manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin hujja, ya ce ma'auni ne na tunani. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare manɗiƙi a lokacin da Suyuɗi ke haramta shi, yana mai cewa da gaskiya ake gane mutane, kuma ana karɓar ta ko daga bakin wa ta fito. Ɗalibin da ya haddace Sullam na Akhdari a zaure, ƙa'idojin Arisɗo yake rerawa cikin waƙe.

Na Sin ne bai samu irin wannan hanya zuwa gare mu ba, ga shi kuwa 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari suna zirga-zirga zuwa Guangzhou da Yiwu, suna hulɗa da mutanen da ke auna abokin ciniki da daɗewar sanayya da cika alkawari kafin su dubi takardar yarjejeniya. Sassan falsafa da na harsuna a jami'o'inmu suna da aikin yi a nan, kuma ba aiki ne da ya fi ƙarfinsu ba. Zantukan Konfushiyas babi 20 ne gajeru, littafin Mengzi kashi bakwai ne, kuma tattaunawar Suƙuraɗu da Yutifiro ba ta kai tsawon da za ta ɗauki mai karatu yini guda ba. Da za a fassara su zuwa Hausa kai tsaye daga Sinanci da Girkanci, a haɗa su a littafi ɗaya, da ɗalibin shari'a da na siyasa da na zaure duk sun samu abin muhawara a aji.